Yadda Za Ka Ja Amon Jita Ya Yi Tsawo Kamar Na Goge

Makon jiya wani ƙanena mai koyon jita a Gyadi-Gyadi ya tare ni a bakin Court Road, waya a hannu, ya ce, "Yaya, don Allah saurari nan." Wani tsohon kiɗan King Sunny Ade ne. Can ƙarƙashin ganguna akwai wani siririn amo da ke tashi, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya ƙi mutuwa. Ya ce shi kuwa da ya kaɗa tsirkiya sai ta ce "tin" ta yi shiru. Wace feda, wato na'urar gyara sauti da ake takawa da ƙafa, zai saya?

Na ce masa kada ya sayi komai tukuna. Kai ma abin da zan ce maka ke nan.

Abin da ya ji ana ce masa fedal-sitil. Jita ce da ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, yawanci mai tsirkiya 10. Ba a danna tsirkiyarta da yatsa. Sandar ƙarfe ake gogawa a kai, ƙafa da gwiwa kuma suna taka wasu ƙarafa da ke ja ko sassauta tsirkiya. Asalinta daga jitar kwance ta tsibirin Hawai ne, ta girma a kiɗan karkara na Amurka. A Najeriya, Demola Adepoju ne ya yi suna da ita a ƙungiyar Sunny Ade. Ana jin hannunsa a faifan Juju Music na 1982, kuma shi Paul Simon ya ɗauka ya kaɗa masa ita a Graceland na 1986.

Da wuya ka ci karo da wannan jita a Kano, kuma tana da tsada. Amma dogon amon nan ba ita kaɗai ke da shi ba. Kunnenmu ma ya riga ya san shi tun daga goge da kukuma. Mai goge yana ta shafa izga a kan izga, don haka amonsa ba ya yankewa sai ya ga dama. Ita jita tun daga lokacin da ka kaɗa ta amonta yake fara raguwa. Aikinka biyu ne: ka jinkirta raguwar, sannan ka ɓoye ta. Ga yadda za ka bi.

1. Fara auna abin da ke hannunka

Zare kebul daga jitar. Zauna a ɗaki shiru, ka kaɗa tsirkiya ta uku ba tare da ka danna komai ba, ka kunna agogon wayarka. Daƙiƙa nawa ta yi kafin ka daina jin ta? Rubuta. Maimaita a gaɓa ta 5, ta 7 da ta 12 a wuyan jitar.

Wannan lissafi shi ne ma'auninka. Duk gyaran da ka yi, dawo ka sake aunawa. Jitar da amonta ke mutuwa da wuri tun ba a jona ta ba, babu fedar da za ta ceto ta.

2. Sauya tsirkiya

Nan ne mafi yawan matsalar take. Gumi da ƙurar hunturu suna cushewa a tsakanin naɗin tsirkiya, damina kuma ta kawo tsatsa. Tsohuwar tsirkiya ba ta kaɗawa da kyau. Idan taka ta yi baƙi, ko kana jin kaushi in ka shafa ta, lokacinta ya wuce.

Sayi sabon saiti mai ɗan kauri, lamba 11 ko 12 maimakon 9. Mai kauri ta fi ɗaukar nauyin ƙarfen da za ka riƙa gogawa a kanta. Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari su ne wurin dubawa. Daga nan kuma ka ajiye tsumma mai laushi a jakar jitar, ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa duk lokacin da ka gama.

3. Sauke fikof, ka ɗaure abin da ya saki

Fikof, wato abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, maganaɗisu ne. Samari da yawa suna ɗaga shi har ya kusa taɓa tsirkiya don neman ƙara. Sai maganaɗisun ya riƙa jan tsirkiyar yana tsayar da ita. Danna gaɓar ƙarshe, ka duba tazarar: milimita 2 zuwa 3 ta isa. Da sukudireba za ka gyara, murɗi kaɗan-kaɗan.

Bi sauran kusoshin ma, musamman na jakin da tsirkiya ke hawa da na bayan wuya. Busasshiyar iskar hunturu tana sa katako ya tsuke, kusoshi su saki. Duk abin da ke karkarwa a jikin jita yana satar ƙarfin tsirkiya. Ɗaure su daidai, ban da tsananin da zai tsaga katako.

4. Kwantar da jitar a cinya

Idan sautin nan na Adepoju kake nema, dole ka bar danna tsirkiya da yatsa. Ka ɗora jitar a cinyarka, fuskarta na kallon sama.

Sai ka ɗaga tsirkiyoyin don kada ƙarfen da za ka goga ya riƙa bugun gaɓoɓi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ake kifawa a kan ƙaramin jakin da ke kusa da kan jitar. In ba ka samu ba, nemi ƙashin ƙafar saniya wajen mahauci, a dafa shi a busar, mai gyaran jita ya sassaƙa maka wani jakin da ya fi na asali tsayi. Da ƙashi ake yin na jitoci masu kyau dama. Ka adana tsohon, wata rana za ka so mayar da shi.

Sannan sauya ɗaurin. Daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya: D, A, D, F#, A, D. Na zaɓa maka wannan ne saboda sassauta tsirkiya ake yi, ba a ƙara wa wuyan jita nauyi. Kowace manhajar saita jita a waya za ta kai ka. Da wannan ɗauri, duk inda ka aza ƙarfe a miƙe za ka sami sautuka masu jituwa.

Ƙarfen gogawar fa? Je wajen bakanike ka nemi dogon soket, lamba 17 ko 19, mai sheƙi, wanda jikinsa ba zane ba tsaga. A Ƙofar Ruwa ma ba za ka rasa ba. Zaɓi mai nauyi. Ƙarfe mai nauyi yana tsayawa daram, tsirkiya ta ci gaba da kaɗawa. Mara nauyi rawa yake yi tare da ita, ya shanye amon. Kada ka raina wannan dabara. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da jita, da wayar burkin keke ya haɗa tasa ta farko.

5. Koya wa hannun hagu natsuwa

Aza ƙarfen daidai saman gaɓa, ba bayanta ba kamar yadda ka saba da yatsa. Kada ka danne. Nauyinsa da ɗan taimakon yatsa manuni sun isa.

Yatsu biyun ƙarshe su kwanta a kan tsirkiya a bayan ƙarfen. Su ke kashe ƙananan ƙararrakin da ke fitowa ta can.

Yanzu rawar amo. Bayan ka kaɗa, ka ɗan jira, sannan ka fara mirgina ƙarfen gaba da baya a hankali, motsin da bai wuce faɗin ƙwayar shinkafa ba. Wannan gogawar tana ɗan ƙara wa tsirkiya rai, kuma kunne yana jin amo mai rawa kamar ya fi tsawo. Masu koyo sukan yi ta da sauri kamar mai jin sanyi. Rage. Tuna muryar mawaƙi in ya ja baiti, can wajen ƙarshe take soma kaɗawa.

Don motsa hannu, ɗauki tsirkiya ɗaya ka bi waɗannan wurare: a buɗe, gaɓa ta 3, ta 5, ta 7, ta 10, ta 12. Sautuka biyar ne, na shida ya maimaita na farko a sama. Za ka ji karin ya yi maka kama da na gida. Kaɗa sau ɗaya, ka zame zuwa wuri na gaba ba tare da ka sake kaɗawa ba.

6. Fedar ƙara: in kuɗin abu ɗaya gare ka, wannan za ka saya

Nan nake so ka daɗe. Ba don sauya sauti aka yi fedar ƙara ba. Kamar totur take: ka danna da diddige ta rage, ka danna da yatsun ƙafa ta ƙara. Duk mai kaɗa fedal-sitil ƙafarsa ta dama a kanta take kwana, kuma rabin dogon amon da kake ji daga nan yake fitowa.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya taka ta har ƙasa ya bar ta can. To me ya rage maka da za ka ƙara in amo ya fara dusashewa? Yi akasin haka. Ɗaga ƙarar amfilifaya fiye da yadda kake buƙata. Dawo da fedar zuwa kashi ɗaya cikin uku. Nan ne gidanka. Kaɗa tsirkiya. Tana fara raguwa, ƙafarka ta fara sauka, sannu sannu, daidai da gudun raguwar. In kun daidaita, mai saurare ba zai ji amon ya ragu ba, ba kuma zai ji ya ƙaru ba. Miƙewa kawai zai ji. Kafin ka sake kaɗawa, diddige ya dawo da ita gida.

Da farko za ka riƙa yin gaggawa, amon ya kumbura a tsakiya kamar an hura balan-balan. Kowa ta nan ya bi. Ɗauki kanka a waya ka saurara, ka gyara. Cire takalmi in zai taimaka maka ka ji motsin.

Akwai dabara ta biyu, wadda ni na fi ƙauna. Rufe fedar gaba ɗaya, ka kaɗa a cikin shiru, sannan ka buɗe. Bugun farko ya ɓace, amon ya shigo kamar daga nesa. Wallahi in ka haɗa wannan da zamewar ƙarfe, wanda ke tsakar gida zai ɗauka mai goge ne a ɗakin. Amma kada ka yi ta a kowane sauti, gundura take yi.

Wajen saye, kula da abu ɗaya. Jita ta gama-gari wadda ba batir a cikinta tana son feda mai lamba 250k ko sama, irin Ernie Ball VP Jr ta 250k ko Boss FV-500H. Mai lamba 25k an yi ta ne don fiyano da makamantansa. In ka jona jita kai tsaye a cikinta, sautin zai dushe. Gwada ta a shago, ka taka sama da ƙasa. In tana ƙarar yashi, ƙura ta shige ta. Wani lokaci feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran waya na Farm Centre ke amfani da shi yana maganin haka, wani lokaci kuma ta riga ta cinye. Kada ka biya sai ka ji ta tsaf.

7. Gyara wuta kafin ka ƙara wata feda

Duk na'urar da ke tsawaita amo tana tsawaita hayaniya ma. A unguwanninmu kuwa, yau wutar NEPA, anjima janareta, gobe inbata, kuma kowanne da irin gurnaninsa.

Yi wannan gwaji. In kana da feda mai cin wuta, kunna ta da batir mai bolt 9. In gurnanin ya ɓace, adafta ce mai laifi. Yawancin fedojin jita bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayarsu nagetif ne. Adaftar dikoda ko ta rediyo sau da yawa akasin haka take, tana iya ƙona maka feda nan take. Duba ɗan zanen da ke jikin adafta da na jikin feda, su zama iri ɗaya.

Cire cajar waya daga soket ɗin da amfilifaya ke ciki. Kashe fitilar da ke kusa ka ji ko an sami sauƙi. Juya kujerarka kaɗan-kaɗan, akwai fuskar da gurnani ke raguwa. Kebul kada ya wuce mita 5 ko 6. In amfilifayarka gwanjon Amurka ce, duba bayanta: bolt 120 take ci, tamu wutar 230 ce, sai da tiransifoma.

Wannan kuma ba wasa ba ne: in tsirkiya ta taɓa jan ka, ko makirfo ya ɗan cije ka a leɓe, kashe komai ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa. Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe gurnani.

8. Kwamfuresa, amma da hannu mai sanyi

Aikinta ta danne bugun farko mai ƙarfi, ta ɗago wutsiyar amo mai rauni. Wato tana yin wani ɓangare na aikin ƙafarka da kanta. Boss CS-3 da MXR Dyna Comp su ne aka fi sani.

A kan CS-3, sa maɓallin da aka rubuta wa Sustain a tsakiya, kamar ƙarfe 12 na agogo. Daidaita Level har ƙarar ta zama ɗaya ko fedar na kunne ko tana kashe. In ka ji "shuuu" na tasowa duk lokacin da ka yi shiru, ka wuce gona da iri, koma baya. Ni a ganina wanda bai yi wata guda da fedar ƙara ba bai kamata ya taɓa kwamfuresa ba, don za ta rufe masa kurakuran da ya kamata ya ji ya gyara.

9. Ɗan kaushi kaɗan

Fedojin da ke sa sauti ya yi kaushi, irin Boss SD-1 ko Ibanez Tube Screamer, su ma suna matse amo su ja shi. Irin zafin da kake ji a jitar Bombino na Agadas ko ta Mdou Moctar ke nan. A jitar kwance ɗan kaɗan ya isa, maɓallin Drive wajen ƙarfe 9. Ya fi kyau a tsirkiya ɗaya. In ka kaɗa uku tare da kaushi mai yawa, cakuɗewa za su yi.

A wurin biki, inda aka ɗaga ƙara, matsa kusa da lasifikarka. Iskar da ke fitowa tana sake kaɗa tsirkiyar, amo ya tsaya har sai ka kashe shi. Carlos Santana ya shahara da wannan. Nemo wurin tsayawar tun lokacin gwajin sauti, ka sa alama da alli. A ɗakin haya kuwa bar wannan, ka sa abin kunne. Maƙwabta suna da haƙƙi.

10. Amsa-kuwwa

Dilei tana maimaita abin da ka kaɗa. Ribab tana sa ka ji kamar a babban zaure kake. Ba sa ƙara wa tsirkiya komai, cike gurbi suke yi tsakanin wannan sauti da na gaba.

Sa dilei tsakanin 300 da 400 na ma'aunin da aka rubuta ms, maimaici biyu ko uku, ƙararta ƙasa da ta jitar sosai. In kana son ta tafi da kiɗa, raba 60,000 da gudun waƙar. Waƙa mai gudun 120 za ta ba ka 500. Ribab kuma ka ƙara har ka fara lura da ita, sannan ka ɗan rage. Ita dilei cin batir gare ta, ba ta adafta mai kyau.

11. Jera su daidai

Jita, kwamfuresa, kaushi, fedar ƙara, dilei, ribab, amfilifaya. Dalilin sa fedar ƙara kafin dilei shi ne in ka rufe ƙafa, kuwwar ta ci gaba da gudu ta mutu da kanta. In ka sa ta a ƙarshe, za ka datse komai lokaci guda. Idan na'urarka tana da mai kashe hayaniya, rage shi sosai ko ka kashe, don shi bai san bambancin huci da wutsiyar amonka ba, duka yake yankewa.

Ka gama, zare kebul daga bakin shiga na kowace feda mai batir. In ka bar shi, batirin na ci ko fedar a kashe take.

12. In aljihu bai kai ba

Ba dole sai ka tara akwatuna biyar ba. Zoom G1X Four tana da duk waɗannan a ciki, da feda a gefe da za ka mayar ta ƙara. Tana aiki da batir huɗu ƙanana ko da wayar USB, wato fawa-bankin da ka saya a Farm Centre zai riƙe ta ko an ɗauke wuta, kuma ka rabu da gurnanin janareta. Fedarta gajeriya ce, tana son ƙafa mai taushi, amma ta isa koyo. Goge shirye-shiryen da ta zo da su a gurbi ɗaya, ka gina naka bisa jerin da ke sama.

Akwai kuma EBow, ɗan abu da ake riƙewa a saman tsirkiya ɗaya. Da maganaɗisu yake kaɗa ta ba tsayawa, muddin batirinsa mai bolt 9 na da rai. Shi ne ya fi kusa da izgar goge. Sai dai in wani zai taho maka da shi daga Legas ko waje. Bar shi sai hannunka ya nuna.

13. Ranar shiga situdiyo

Yawancin situdiyoyin Zoo Road da fiyano da kwamfuta suka saba aiki, don haka je da shirinka. Roƙi mai haɗa sauti ya ɗauke ka da fedar ƙara da kwamfuresa kawai, a ƙara dilei da ribab daga baya a kwamfuta. In an ɗauka da kuwwa, ba ta ciruwa. Ka ce masa kuma kada ya yanke ƙarshen sautukanka wajen share hayaniya. Nemi wurin da mawaƙi ya ja numfashi ka shiga nan, kada ka hau kan muryarsa.

14. Gobe da safe

Bayan ka karya, auna amon jitarka ka rubuta. Sauke fikof, ɗaure kusoshi, sake aunawa. In za ka fita, biya wajen bakanike ka karɓo soket, ka wuce ka sayo tsirkiya.

Da yamma, minti 20 kacal. Goma na farko tsirkiya ɗaya, wurare shidan nan na mataki na 5, amfilifaya ba feda ko ɗaya. Goma na biyu sauti ɗaya tak da fedar ƙara, kana ƙirgawa a zuci, kana neman ya miƙe har takwas ba kumburi. In ba ka da fedar tukuna, kaɗa da babban yatsa, ƙaramin yatsanka ya riƙa murza maɓallin ƙara na jikin jitar. Ɗauki minti ɗaya na ƙarshe a waya, ka sa masa kwanan wata. Ranar Juma'a mai zuwa ka saurari na farko da na ƙarshe a jere, sannan ka yanke shawarar abin da za ka saya.